Wai Yaron Ne Ba Ya Son Karatu?

Akwai tambayar da ba ta ɓacewa a gaban kwamitin ɗaukar malaman firamare: "Malam, idan ka samu yaro a ajinka ba ya son karatu, yaya za ka yi da shi?" Tambayar ba ta da laifi. Amsoshin da ake bayarwa, da yadda ake karɓarsu hannu bibbiyu, su ne abin kunya.

Wani ya gyara zama ya ce yaran yanzu sai da bulala. Wata ta ce laifin iyaye ne. Mai wayon cikinsu ya haddace amsa da Turanci tun daren jiya, ya zubo ta kamar aku. 'Yan kwamiti su gyaɗa kai, a rubuta maki, a kira na gaba.

Jama'a, maganar ɗan shekara bakwai fa ake yi! Yaron da zai wuni yana ƙera mota da kara da murfin kwalba har ta yi tafiya. Yaron da ke wanke allo a gaban alaramma, ya biya sura babu gargada. Shi ne ba ya son koyo?

Cikin masu neman aikin nan, nawa ne suka ce za su fara tambayar yaron ko ya karya? Wa ya ce zai bincika ko yarinyar mai gyangyaɗi ta gama tallar koko ne kafin ta shigo aji? Wa ya tuna da wanda ke zaune a ƙasa can baya, ba ya hango allo? Ga kuma wanda aka tura aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Kullum ana karanta abin da bai gane ba, ana yi masa dariya, ana kiransa daƙiƙi. Ta ina zai so ajin?

Ba a rasa hujja ba. Da gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a 2016, azuzuwa suka cika suka batse. Yaran da ake cewa sun ƙi makaranta suka fito da kwanukansu. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya, amma a makarantun gwamnati na manyan biranenmu ana ganin fiye da ɗari a ɗaki guda. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara. Manya suka saɓa alkawari, aka juyo aka ɗora wa yaro laifi.

A 2017 an yi wa malaman firamare na Kaduna jarrabawar 'yan aji huɗu, malamai 21,780 suka kasa cin makin da aka gindaya. Daga sama suka faɗo cikin azuzuwa? Wani ne ya tantance su, wani ya sa hannu a takardar ɗaukarsu. An kori malaman. Masu sa hannun fa?

Kowa ya san yadda ake yi. Sunayen waɗanda za a ɗauka na cikin aljihu tun kafin a buɗe ƙofa: wannan ɗan wane ne, wancan ya zo da takardar honorabul. Masu tambayar kuwa, nasu 'ya'yan suna makarantun kuɗi. Ina ruwansu da amsa?

Wanda ya samu aikin kuma, shi da ya rantse yana ƙaunar yara, bayan wata uku sai a tarar da shi ƙarƙashin darbejiya yana latsa waya, ya bar monita na rubuta sunayen masu surutu. Ya ɗauki koyarwa wurin fakewa kafin a samu aikin kwastan. To tsakaninsa da yaron, wa ya fi rashin himma?

Za a ce albashi ba ya isa, kuma ba ya zuwa a kan lokaci. Gaskiya ne, a je a kama masu riƙe shi. Ɗan aji biyu bai ci kuɗin kowa ba.

A daina wannan wasan kwaikwayo a ofis. Duk mai takardar NCE ya yi koyarwar gwaji kafin ya gama kwaleji. A miƙa masa alli, a kai shi aji biyu da ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da yunwa da zafi suka taso, a nuna masa yaron da ya kifa kai a benci. 'Yan kwamiti su baro kujerunsu, su tsaya bakin taga su gani ko zai tambayi yaron sunansa kafin ya nemi bulala.