Malamin Cikin Waya Da Ra'ayin Ɗalibanmu

Jama'a, ran Lahadin da ta wuce wani ɗan ƙanena, mai karatun ilmin kwamfuta a jami'a, ya zo gaishe ni tare da abokan karatunsa biyu. Da hira ta yi hira sai na tambaye su ra'ayinsu game da koyo ta waya da intanet. Amsoshinsu sun isa abin tunani, shi ya sa na kawo muku su.

Na fari ya ce shi kam sai godiya. A 2022, sa'ad da malaman jami'o'in gwamnati suka yi yajin aiki har wata takwas, gida ya zauna ya bi darasin CS50 na Jami'ar Harvard ta Amurka, wanda aka buɗe wa duniya kyauta tun 2012. In bai gane ba sai ya mai da darasin baya, ko sau goma ne, malamin ba ya gajiya, ba ya tsawa.

Na biyu ya ce, "Baba, wannan daɗi na mai wuta ne da mai kuɗin data. Mu da ke aron kwamfuta, sai mai ita ya yi barci muke samun karatu."

Ɗan nawa kuwa sai ya sunkuyar da kai. Ya ce tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, ita ke yi masa aikin da aka ba su, ya miƙa, a yaba. Ran jarrabawa aka ba shi takarda da alƙalami, layi goma na Python suka gagare shi. Na ce masa ai dama zanen aro ba ya rufe katara.

To, ni a ganina duk ukun gaskiya suka faɗa, amma ta ukun ita ce abar tsoro. Tsara manhaja sana'a ce kamar saƙa: sai ka rubuta, ta ƙi aiki, ka bi layi layi har ka gano inda ka ɓata, sa'an nan hannu ke faɗawa. Wanda aka ɗauke wa wannan wahala, lalle an ɗauke masa ilmin. Su kansu masu CS50 sun lura da haka, domin a 2023 suka yi wa ɗalibansu nasu mataimakin na'ura, wanda aka tsara shi ya nuna hanya, kada ya ba da amsa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, kada su hana na'ura, kada kuma su sakar mata yara. Kowa ya kawo aiki, a tsai da shi ya bayyana shi da bakinsa. Hukumomin jami'a kuma su buɗe ɗakin kwamfuta mai wuta har dare, saboda marasa hali. In ba haka ba, za mu yaye masu takardar shaida waɗanda ba su iya kome ba.

Wanda ke da wani ra'ayi dabam, ga fili, ya rubuto mu ji.