A-kori-kurarka za ta iya JA, amma za ta iya ƊAUKA?

1/ Jama'a yau raina a ɓace yake. Jiya wani ɗan'uwa a nan Houston ya turo min hoto, ya tsaya gaban tirelar shaƙatawa mai ɗakin kwana da kicin, irin wadda ake ɗaura wa a-kori-kura. Wai dillali ya ce masa F-150 ɗinsa za ta ja ta "ba matsala". Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa.

2/ Ga waɗanda ke gida: irin wannan tirela ba a bamba ake ɗaura ta ba. Ana kafa faifan ƙarfe a tsakiyar bodin motar, daidai saman tayoyin baya, goshin tirelar ya hau kai ya kulle. Tantebur ke nan, irin na manyan motocinmu, sai dai ƙarami. Da babbar mota nake cin abinci a ƙasar nan, don haka ba labari nake ji ba.

3/ Dillalin bai yi ƙarya kai tsaye ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ford ta taɓa tallata cewa F-150 na iya jan laba 14,000, wajen kilo 6,300. Tirelar Alhaji, idan an cika ta da ruwa da kaya, kilo 4,500 ce. A takarda lissafi ya fita. To ina matsalar?

4/ Matsalar ita ce ja daban, ɗauka daban. Tirelar tantebur tana sauke kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan bodin motar. Mu ɗauki kashi 20. Kilo 900 ke nan zaune a bayan motarka tun kafin kai ka shiga.

5/ Na ce masa, Alhaji buɗe ƙofar direba, akwai ƴar takarda mai rawaya da fari a jikin ginshiƙin, karanto min lambar. Ita ce ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka, an rubuta da kilo da laba. Ya karanto: 770.

6/ To mu yi lissafin ƴan firamare. Goshin tirela 900. Shi kansa faifan tantebur ɗin wajen 90. Alhaji da Hajiya da yara uku, mu ce 300 don kar a ce na ci fuska. 1,290 a kan motar da masu ƙera ta suka ce 770. Ya zarce da fiye da rabin tan, ko kular abinci ba a saka ba.

7/ Ita lambar da ke talla kuma, ta wata mota ce takamaimai, mai wani inji da wasu kayan ƙarfi na musamman. Ma'aunin da kamfanoni ke bi, SAE J2807, yana lissafa mutum biyu ne kawai a ciki, kowanne laba 150, wato kilo 68. Dan Allah a duba majalisarmu ta bayan Juma'a a nuna min magidanta biyu masu kilo 68.

8/ Sai ya ce min, "Malam ai an ce a sa mata balan-balan na iska a sifirin baya, shi ke nan." Haba Alhaji. Balan-balan zai ɗago bayan motar ta daina durƙusawa, ta yi kyan gani a hoto. Bai ƙara wa taya ƙarfi ba, bai canza aksil ba, bai ƙara girman birki ba. Lambar jikin ƙofa tana nan yadda take. Ɓoye alamar ciwon kawai ka yi.

9/ Na san abin da wasu za su rubuto: "A gida a-kori-kura na ɗaukar buhu nawa daga kasuwar ƙauye, me ya faru?" Abubuwa da yawa sun faru, kowa a cikinmu ya taɓa zuwa ta'aziyyar haɗarin lodi. Kuma mai buhunan nan lallaɓawa yake. Kai a kan I-10 za ka hau, kana gudun kilomita 110, manyan motoci na wuce ka hagu da dama. Taya mai lodi fiye da kima zafi take ɗauka har ta fashe, kuma ba ta sallama.

10/ Gaskiya ɗaya da zan ba masu musu: tirelar tantebur ba ta yawan kaɗa wutsiya kamar ta bamba, tunda nauyin a kan tayoyin baya yake. Amma wannan daɗin shi ke yaudarar mutane. A miƙaƙƙen titin Texas komai lafiya lau. Ranar da ka gangaro daga ramin Eisenhower a kan I-70 a Colorado, gangara mai kashi 7 cikin ɗari ta kilomita da dama, ranar za ka san me ka ɗaura.

11/ A irin wannan gangara giya ake saukewa tun daga sama, inji ya riƙe motar. Ka taka birki sosai, gudu ya ragu, ka saki ya huce. Wanda ya ɗora ƙafa a birki yana jan ta har ƙasa, zai ji wari, daga nan feda ta zama banza.

12/ Abin da ke ɗaure min kai da dokar ƙasar nan: ni sai da na yi karatu da jarrabawa kafin a ba ni lasisin CDL. Amma a yawancin jihohi mutum zai iya ɗaura gida mai tsawon ƙafa 40 da lasisin ƙaramar mota, ya kama hanya a ranar, babu wanda ya taɓa nuna masa yadda ake ribas. Kalifoniya dai tana neman lasisi na daban idan tirelar ta wuce laba 15,000. Sauran ka duba dokar jiharka da kanka.

13/ Tunda ba mai koya muku, ga abin da muke yi kullum. Bayan ka haɗa, ɗauki tocila ka leƙa da idonka ka ga muƙamuƙin faifan ya rufe a wuyan ƙusar. Wani lokaci ƙusar kan hau SAMAN muƙamuƙin, ka ji ƙara ka ɗauka ta kulle. Ba ta kulle ba.

14/ Sannan gwajin fizga. Ka ɗaga ƙafafun tirelar kaɗan kawai daga ƙasa, ka danne birkin tirela da hannu, ka ɗan ja gaba a hankali. In za ta zame, ta faɗa kan ƙafafunta. Na ga wanda ya tsallake wannan a wurin ajiye motoci, goshin tirelar ya sauka a bodin sabuwar motarsa ya lotsa shi gefe biyu. Shi ya yi sa'a, da a kan titi ne fa?

15/ Igiyar birkin gaggawa kuma a jikin motar ake ɗaure ta, don in tirela ta rabu igiyar ta fizge, birkinta ya kama. Batirin tirelar ya mutu? To wannan birkin ma ya mutu.

16/ In bodinka gajere ne, ƙafa biyar da rabi, kwana mai tsanani ɗaya ta isa kusurwar tirelar ta fasa gilashin bayan motar, daidai inda yara ke zaune. Akwai faifai mai zamewa baya don wannan. Tsayin tirelar ma ka auna bayan an ɗaura, ka rubuta ka manna kusa da sitiyari. Wasu na kai ƙafa 13 da rabi, rufin gidan mai ba ya sunkuya wa kowa.

17/ Alhaji ya ce na cika tsanani, wai na hana yara hutu. Ban hana ba. Ko ya nemi ƙaramar tirela, ko ya koma F-350 ko Ram 3500, nan ma sai mun karanta takardar ƙofa. Ya riga ya ba da kafin alƙalami, abin da ke cin sa ke nan.

18/ Mun yi da shi ranar Asabar zai ce wa dillalin ya yarda a ɗaura, mu je sikelin CAT na tashar manyan motoci, iyali duka a ciki. Bai kai dala 20 ba, kuma yana ba ka nauyin gaba, na baya, da na tirela daban-daban. In dillali ya ƙi, Alhaji ya yi alkawarin zai nemi kuɗinsa. Zan saka hoton takardar sikelin a ƙarƙashin zaren nan in Allah ya kai mu.