WAI DUK ABIN DA YA YI ƘUGI MAƘIYINKA NE?

Ya kai mai karatu, yau da faɗa na zo, kuma da mutanen garinmu nake yi, har da ni kaina a ciki, don kuwa ni ma da hannuna a wannan ɓarna.

A daminar bara na je gaida Inna a gidanmu na Gwadangaji, na tarar yaɗon kabewarta ya rufe danga har ya haye rufin madafa, ganye shar, fure ko'ina, amma 'ya'ya uku tak muka ƙirga. Sauran da sun fito kamar ƙwan kaza sai su yi rawaya su zube. Inna ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, bakin mutane na, tunda nike ban taɓa ganin haka ba." Na yi shiru kunya ta kama ni, domin ni ce na ba ƙanena kuɗin maganin feshi saboda sauro, shi kuwa ya bi danga da azara da duk wani rami na jikin katanga ya feshe, yana ta murna wai ya gama da rina. Da na duba abin da aka sharo, wallahi yawancinsu ba rina ba ne. Ƙudajen zuma ne, irin waɗanda ba su da amya, ba su yin zumar sha.

Na san wani zai ce, to ƙudan zuman da ba ya zuma mene ne amfaninsa? Ai nan ne rashin sani ya fi dare duhu. Masana sun ƙirga ire-iren ƙudan zuma sama da 20,000 a duniya, kuma mafi yawansu ba sa zaman taro, ba su da sarauniya, kowace mace ita kaɗai take rayuwarta. A cikinsu akwai wadda ni nake kira maginiya. Takan nemi ɗan rami a jikin kara ko itace ko katangar laka, ta yi ta jigilar garin fure da ruwansa mai zaƙi har ta dunƙula ɗan curi, ta saka ƙwai ɗaya a kai, ta ɗebo laka ta liƙe ɗakin, sannan ta soma wani a gabansa. Haka za ta yi ta jera ɗakuna har ƙarfinta ya ƙare, ta mutu ba ta ga 'ya'yanta ba, amma ta bar wa kowanne guzurinsa. 'Yan'uwana mata, ku gaya mini, wannan ba labarin da yawa daga cikinmu ba ne? Uwa ita kaɗai, ita ce gini, ita ce cefane, ba mai yaba mata, ƙarshe ma a bi ta da feshi.

Asalin maginiyar da ake kiwo a ƙasashen sanyi take. A Japan tun wajen shekarun 1940 manoman tuffa na yankin Aomori suke ɗaure mata damin kara a gonakinsu don ta zauna, a Amurka ma ana ajiye irinta a gonakin itatuwan marmari. Mu a nan danginta muke da su. Akwai mai yanka gefen ganye ta bar shi da zagayayyen gurbi kamar an sa almakashi, akwai masu liƙe raminsu da laka ko ƙaro, akwai kuma babban baƙin nan mai ƙugi da yake huda azara da busasshen itace, wanda yara suke bi da takalmi. Kada a haɗa su da zanzaro, shi tsutsa da gizo-gizo yake tara wa 'ya'yansa a ɗakin lakarsa, kuma shi ma ɗin taimakon manomi yake yi. Su waɗannan ba su da rumbun zumar da za su tsare, shi ya sa ba sa biyo mutum da harbi sai in ya damƙe su, namijin kuwa ko ƙari ba shi da shi.

To ga inda maganar ta shafi tukunyarki. Kabewa da kankana furensu biyu ne, mace daban namiji daban, da sassafe suke buɗewa, kuma in ba a sami mai ɗauko garin namiji ya kai wa macen ba, ɗan da ya fito zubewa zai yi, kamar dai na Inna. Tumatir da gauta kuwa garinsu a kulle yake cikin fure, sai an girgiza shi yake fitowa sosai, wannan baƙin mai ƙugi ya iya, ƙudan zuman amya bai iya ba. Shi ne kuma yake yawan bin furen zogale. Albasar Aliero da ake lodi ana kai wa har Kudu, irinta ba ya ƙulluwa da kyau sai ƙwari sun bi furen. A shekarar 2016 wani babban rahoton masana na duniya ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gonar da ake ci suna buƙatar irin wannan taimako, wasu kaɗan wasu da yawa.

Na ji wani manomi yana cewa, mu Kabawa shinkafa muka sani, ita kuwa ba ruwanta da zuma. Gaskiyarka Malam, shinkafa da gero da dawa ba sa jiran ƙwaro. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 fadamar Gulbin Rima ta cika da ita, daga nan har Ambursa har Argungu, kuma mun gode Allah. Amma ina tambayarka, gayan tuwo za ka ci? Ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, miyar nan kuwa a bayan waɗannan ƙananan bayin Allah take.

Wani kuma zai ce, in ban yi feshi ba tsutsa ta cinye mini wake, ke za ki ciyar da iyalina? A'a, ban ce ka bari ba. Cewa na yi ka san lokaci. Me ya sa sai da hantsi, daidai lokacin da fure ya buɗe ƙudaje suka cika gona, za ka saɓa tankin feshi? Me ya hana ka bari sai dab da magariba sun koma makwancinsu? Me ya sa mai shago zai ce murfi ɗaya, kai ka zuba uku wai don ya fi ci? Mu kuma mata, maganin gona ne fa muke zubawa a ɗakin da jariri yake kwana. A 2019 hukumar NAFDAC sai da ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna, amma mu ko a jikinmu. Ƙasashen Tarayyar Turai a 2018 sun hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a fili saboda kare ƙudan zuma kawai. A lardin Sichuan na ƙasar Sin akwai garuruwan da manoma suka koma hawa bishiya da ɗan buroshi suna shafa wa fure gari ɗaya bayan ɗaya, aikin da ƙudaje suke yi kyauta. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin kati ba. Kada a ƙone karan gona duka, a bar dami ɗaya a jingine a inuwa. In an ga rami liƙe da laka a jikin katanga a ƙyale shi, ɗakin marayu ne. A bar busasshen reshe ko ɗaya a bayan gida. A hana yara kashe abin da bai taɓa su ba. Sauro kuma a yi masa gidan sauro, a zubar da ruwan da ya kwanta.

Ni dai bana na ɗaure wa Inna damin kara a ƙarƙashin rufin madafa, na kuma ja kunnen ƙanena. Da ta ga ina yi sai ta yi dariya ta ce, "Boko ya sa ki gina wa ƙuda ɗaki?" Na ce, "Inna, biyan bashi nake yi." Allah ya sa mu gane, ya ba mu damina mai albarka, amin.