Lambun Gida: Me Ya Sa Tumatirinmu Ke Zubar Da Fure?

Tun da sanyi ya fara ja da baya tambayoyinku suka ƙaru, kuma yawancinsu kuka ɗaya ne: shukar da ta yi kyau shar a watan Janairu yanzu ta fara langaɓewa. Wata ɗaliba 'yar aji biyar ta rubuto cewa tumatirinta guda shida da ta shuka a buhunan siminti sun yi fure sosai, amma furen sai ya bushe ya faɗi, ko ɗa ɗaya babu. Har ta fara zargin kambun baka.

'Yar'uwa, ba kambun baka ba ne, zafi ne. Tumatir ba ya son rana mai ƙuna a lokacin da yake fure. Idan zafin rana ya haura kamar maki 35 a ma'aunin Salshiyas, dare kuma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen, wanda shi ke sa a samu ɗa, yakan lalace, sai furen ya kaɗe haka nan. A Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa zafin Afrilu yakan kai maki 40. Shi ya sa manoman rani na Kadawa da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga, suke dasa tumatirinsu tun farkon sanyi, su kwashe kafin bazara ta kankama. Shi ya sa kuma da an shiga Mayu da Yuni za ku ji iyaye na ƙorafin tsadar kayan miya.

A nan muna so mu ɗan tsaya, domin akwai wani ruɗani da wayoyinmu ke jawo mana. Da yawanmu muna kallon bidiyon masu lambu na Ingila da Amurka a YouTube da TikTok, muna jin suna cewa Maris ne lokacin fara rainon tumatir. Gaskiya suka faɗa, amma don ƙasarsu. Su daga ƙanƙara suke fitowa, suna jiran ƙasa ta yi ɗumi. Mu kuwa daga sanyi mai daɗi muke fitowa za mu faɗa cikin wuta. Abin da suke maraba da shi, shi muke gudu. Duk wanda ya bi jadawalinsu a Katsina zai yi asarar iri da ruwa, ƙarshe ya ce shi dai ba shi da hannun shuka.

To, me 'yar'uwarmu za ta yi da nata guda shida? Tunda a buhu suke, ta ja su zuwa inda ranar safe za ta same su amma katanga ko bishiya ta kare su daga ta azahar. Idan ba su jawuwa, a kafa 'yar rumfa da tsohon gidan sauro ko zana mara kauri. Wataƙila ta samu 'ya'ya kaɗan, amma kada ta sa ran kwando. Tumatir na gaba ta bari sai wajen Oktoba ta yi rainonsa.

Tambayar da ke bin wannan ita ce, to me za a shuka yanzu? Kuɓewa ce ta farko. Ita zafi ba ya damunta muddin tana shan ruwa. A jiƙa irin ya kwana, a sa ƙwaya biyu a rami mara zurfi, a bar kamar taku ɗaya da rabi tsakanin rami da rami. Cikin wata biyu za a fara tsinka, kuma a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, don idan aka bar ta ta ƙosa a jiki uwar takan rage haihuwa. Sai alayyahu, wanda ya fi kowa sauri, sati uku zuwa huɗu ya isa miya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka a gauraya shi da yashi kafin a watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe wuri ɗaya. Zogale ma ana iya fara shi yanzu a leda, a dasa idan damina ta sauka. Latas da karas da kabeji dai a haƙura da su, na sanyi ne.

Maganar ruwa ita ce mai wuya, domin mun san gidaje da yawa jarka ake saye a wajen 'yan garuwa, kuma babu uwar da za ta yarda a kwarara wa kuɓewa ruwan kuɗi. Wani ɗalibi ya tambaya ko zai iya amfani da ruwan wanki. Amsarmu ita ce a bambance. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi, da ruwan alwala idan aka tara a roba, duk suna da kyau. Ruwan omo da na bilic kuwa a kai su kwata, domin sinadaran da ke cikinsu suna taruwa a ƙasar buhu su ƙona saiwa a hankali. A ba da ruwan da sassafe kafin a tafi makaranta, ko da yamma liƙis, a zuba a gindi ba a kan ganye ba. Sannan a rufe gindin da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi. Wannan rufin kaɗai zai sa ƙasar ta daɗe da danshi. Wanda ke da tsohon tulu ya binne shi har wuya a tsakiyar shukar, ya cika da ruwa ya rufe bakin. Zai riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan daidai inda saiwa take.

Akwai kuma wanda ya ce ya zuba kashin kaji, washegari ganyen ya ƙone. Ɗanyen kashin kaji yana da ƙarfi fiye da kima. A tara shi gefe guda, a gauraya da busassun ganyaye, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har sai ya daina wari da zafi, ya koma baƙi kamar ƙasa. Hakan kan ɗauki wata biyu ko fiye, wato wanda aka tara yau shi zai yi aikin damina.

Game da ƙwari, idan kuka ga farin tabo a cikin ganyen tumatir, ko 'yan ramuka a jikin 'ya'yan, to akwai yiwuwar tsutsar nan ce Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira sharon. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A ƙaramin lambu abin yi shi ne a tsinke ganyen da ya kamu a binne ko a ƙone, kada a jefar da shi a gindin shukar. Su kuma ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye suna tsotsa, 'ya'yan darbejiya na maganinsu: a daka kamar giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma saboda rana na kashe ƙarfinsa. Don Allah kada wanda ya ɗauko fiya-fiya ko maganin sauro ya fesa wa ganyen da za a ci. Alayyahun nan ƙannenku ne za su sha miyarsa.

Sai masu ɗokin ruwan farko. Idan aka yi yayyafi a Afrilu, kada ku kwashe duk irin da kuka ajiye ku zuba a ƙasa. Sau da yawa ruwan kan ɗauke na makonni, tsiron ya fito ya ƙone. A yankin Kano damina ba ta cika zama sosai ba sai wajen Yuni, kuma hukumar NiMet takan fitar da hasashen saukar ruwa na kowace jiha tun farkon shekara. Ku tambayi malaminku na aikin gona ya duba muku na yankinku.

'Yan aji shida masu shirin JAMB da WAEC, buhu biyu ko uku sun ishe ku a bana, ku damƙa wa ƙani ban-ruwan safe. Shi kuma wanda ya tambaya yadda zai hana akuyar maƙwabta, mun tattauna a tsakaninmu, ba mu samo abin da ya wuce shingen ƙaya da rufe ƙofar gida ba. Wanda ya san wata dabara ya aiko mana, za mu buga a mako mai zuwa.