Filin Ƙere-ƙere: Kafin ku sauya inji, ku nemo inda cutar take

A wannan mako za mu ba ku labarin wata asara da muka tafka a nan Narayi, don kada ku ma ku tafka irinta.

Ƙanin ɗaya daga cikinmu ne ya samu motar wasa mai rimot a hutun da ya wuce. Bayan 'yan makonni motar ta soma jan jiki, ko ɗan tudun ƙofar gida ba ta iya hawa. Yaron ya kawo mana ita da amana, tun da mu ne ake kira injiniyoyin layi. Ba mu tsaya bincike ba muka yanke hukunci: injin ne ya gaji. Muka haɗa kuɗin tara, muka sayo inji mafi girma, muka cire batura huɗu na ainihi, muka saka manyan batura biyu masu caji irin na cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, waɗanda ake kira 18650. Motar ta yi gudu kamar an koro ta, muna ta tafi. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga hayaƙi da ƙauri. Ta tsaya cak, yaro ya fashe da kuka.

Muka kwashe ta zuwa shagon wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya sunsuna, ya ce, "Yarana, kafin ku cire tsohon injin, kun gwada shi kuwa?" Muka ce, "A'a, Baba." Ya ɗauki tsohon injin ya jona shi da batura biyu. Nan take ya kama juyawa lafiya lau. Sannan ya sa tsinke ya zaro zare da gashi da suka nannaɗe ƙarfen tayoyin baya, sun cakuɗe da jar ƙurar hunturu. Ashe abin da ya riƙe motar ke nan tun farko.

Me ya ƙone? A cikin motar akwai fanel, shi ne ke karɓar umarni daga rimot. A kansa akwai ƙananan tiransisto da ke aika wuta zuwa inji ta nan ko ta can, don motar ta yi gaba ko baya. Ku duba jikin batir, za ku ga lamba da harafin V, wato ƙarfin turin wutarsa. Batir ɗin AA yana da 1.5V, huɗu a jere sun zama 6V, kuma a kan haka aka ƙera fanel ɗin. Shi kuwa 18650 yana kai 4.2V idan ya cika, biyu sun zama 8.4V. Ƙarin kashi 40 cikin 100 ke nan. Ku tuna darasin fizis: idan wutar da ke ratsa abu ta ninka sau biyu, zafin da yake yi sau huɗu yake ninkawa. Ƙarin kashi 40 kaɗai ya kusa ninka zafin. Ga babban inji da ke jan wuta fiye da ƙarami, ga tayoyi a cushe, kuma inji ya fi shan wuta a lokacin da aka hana shi juyawa. Mun ɗora wa akuya kayan jaki.

Ga tsarin da muke bi yanzu. Muna farawa da abin da ba ya cin kuɗi, kuma abu ɗaya muke taɓawa a lokaci guda.

Na farko, batir. Ku gwada sababbi, a motar da kuma rimot. Ku duba sifirin ɗin gidan batir, in ya yi tsatsa ko farin gishiri ku goge shi da samfefa. In kuna da mita, ku auna batir yayin da motar ke aiki, domin batir mai rauni kan nuna lamba mai kyau a zaune, sai an ɗora masa aiki ya faɗi.

Na biyu, tayoyi da giya. Ku kashe motar, ku juya tayoyin da hannu. In sun yi tauri, ku nemi zare, gashi ko yashi. In kuwa kuna jin inji na kuka amma taya ba ta motsi, yawanci ƙaramar giyar roba da ke bakin injin ce ta tsage ko haƙoranta suka cinye. Ku share da tsohon buroshin haƙori, ku ɗan shafa giris kaɗan. Mai da yawa ƙura yake kira.

Na uku, waya da makunni. Ku ja kowace waya a hankali, sau da yawa dalmar da ta riƙe ta ce ta saki saboda karo da bango.

Na huɗu, injin kansa. Ku cire wayoyinsa biyu daga fanel, ku jona su kai tsaye da batura biyu na AA. In ya juya, ku musanya wayoyin, zai juya ta ɗaya ɓangaren. In sai kun taimaka masa da yatsa yake tashi, to 'yan siraran ƙarafan da ke cikinsa sun cinye, a nan ne sauyi ya halatta. Mafi yawan waɗannan motoci suna amfani da ƙaramin injin da ake kira 130, kuma ana samunsa a cikin wasu lalatattun kayan wasa.

Na biyar, fanel da rimot. In motar tana baya ba ta gaba, alhali inji lafiya, ku zargi tiransisto ko maɓallin rimot. Ku duba lambar da ke jiki, 27MHz ko 2.4GHz, don rimot ɗin wani zango ba zai taɓa yi wa motar wani zango magana ba.

Masu son ƙarin gudu fa? Ku sani ba a samunsa kyauta. A ce giyar inji tana da haƙora 8, tana juya mai haƙora 40: inji ya juya sau 5, babbar ta juya sau 1. Ku sa mai haƙora 10, ya koma sau 4. Gudu ya ƙaru, ƙarfin hawa tudu ya ragu, inji ya ƙara zafi. A kan simintin tsakar gida wannan ba laifi, amma a layukan ƙasa na Narayi ƙarfi ya fi gudu amfani. Bayan kowane sauyi, ku tuƙa na minti ɗaya ku taɓa injin. In yatsa bai iya jurewa ba, ku tsaya.

Gargaɗi kan batir 18650: kada ku bari waya ta haɗa kansa da gindinsa, kada ku huda shi, kada ku yi amfani da wanda ya kumbura ko rigarsa ta yage, kada ku bar shi a caji ku yi barci. Yana iya kama wuta. Aikin dalma kuma a yi shi gaban babba.

Motar yaron fa? Sai da muka sake tara kuɗi na makonni, muka samo wata matacciyar mota da rimot ɗinta a wurin masu kayan gwanjo, muka ciro fanel ɗinta. Muka mayar da tsohon inji da batura huɗu, muka wanke tayoyi. Yanzu tana hawa tudun ƙofar gida ba gardama, mai ita kuma ya soma gaishe mu, ko da yake ya ce ba zai ƙara ba mu aronta ba.

A Kakuri, nan kusa da mu, aka soma harhaɗa motocin Peugeot a 1975, kuma tsallaken kogi akwai kasuwar Panteka, inda masu sana'a ke ƙera abubuwa daga tsofaffin ƙarafa. Wanda ke burin irin wannan aiki zai iya somawa da motar wasa da sukundireba, da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gwada da abin da ya gani.

A mako mai zuwa za mu duba sitiyarin da ke karkata gefe ɗaya. Kafin nan, ku buɗe motocinku ku bi matakan nan biyar, ku rubuto mana a mataki na nawa kuka kama cutar. Sai mun ji daga gare ku.