Ka Buɗe wa Ƙaninka Ɗakin Wasa, Ka Riƙe Makullin Gida

Hutun da ya wuce na koma gida da laftof ɗina, furojet ɗina na ciki, na riga na rubuta babi uku. Ƙanina ɗan shekara 11 ya dame ni: "Yaya, don Allah gem ɗin mota." Na buɗe masa akawun nasa, irin wanda Windows ke kira Standard. Yana danna gem ɗin sai ga akwati ya fito yana neman kalmar sirrin admin. Ina sauri, sai kawai na faɗa masa. Bayan mako ɗaya ya kwaso wani gem a filashar abokinsa ya saka, bairos ta biyo shi. Babi na uku ya tafi. Biyun da na tura wa kaina ta imel su kaɗai suka tsira.

Da farko yaron na zarga, daga baya na gane laifin nawa ne. Yawancinmu hanya biyu muka sani: ko mu hana yaro taɓa kwamfuta gaba ɗaya, ko mu miƙa masa kalmar sirrin admin don ya ƙyale mu. Duka biyun lalaci ne.

Wannan akwatin da ke fitowa, tun Windows Vista na 2007 yake, kuma aikinsa ke nan: tsayar da duk abin da ke son canza tsarin na'urar. Akawun na Standard yana iya buɗe manhajar da aka riga aka saka, amma ba ya rubutu a foldar Program Files, ba ya kuma shiga fayilolin wani. Matsalar ita ce wasu tsofaffin gem a can cikin foldar suke ajiye matakin da ɗan wasa ya kai, shi ya sa suke neman izinin admin.

Gyaran bai kai rabin awa ba. Ka saka gem ɗin da kanka daga naka akawun, in ya tambaya ka zaɓi a saka wa kowa. In tsohon gem ne mai taurin kai, ka yi masa folda dabam a C, ka ba akawun yaron izinin rubutu a wannan foldar kaɗai. Sannan Microsoft Family Safety na ba ka damar ƙayyade awannin wasa. Gem ɗin da ya ƙi tashi duk da haka, a haƙura da shi.

Na san wasu za su ce gem ɓata lokaci ne, gara a hana. To amma mu faɗi gaskiya, nawa ne a cikinmu hannunsu ya saba da kibod ta hanyar gem? Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Yaron da aka kora daga gaban laftof yau, shi ne gobe hannunsa zai riƙa rawa a zauren jarrabawa.

Yanzu ƙanina na tseren motarsa awa ɗaya bayan la'asar. Kalmar sirrin kuwa na canza ta. Ku ma da za ku gida wannan hutun da furojet a jaka, ku yi gyaran tun daren farko.