Karen Gona, Naman Gwangwani Da Albasa

Maganar wannan makon ta shafi dabbar nan da ke kwana a bakin gonarka tana gadin injin ban-ruwa da tarin albasa yayin da kake barci a gida. Tambayar ita ce: idan aka soya naman shanu na gwangwani da dankalin Turawa da albasa, aka ci aka rage, babu laifi a juye wa kare ragowar? Amsata a taƙaice ita ce kada ka ba shi. Lasa ɗaya ba za ta kashe babban kare mai lafiya ba, amma kwano guda zai iya kwantar da shi, kuma idan abin ya zama sabo, za ka riƙa cinye jininsa a hankali ba tare da ka sani ba.

Shi wannan girki na Turawa ne. Amurkawa da mutanen Ingila sukan yanka dafaffen dankali ƙanana, su soya shi da albasa da naman, kuma ya ƙara yaɗuwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ɗanyen nama ya yi wuyar samu. Sunan da ake rubutawa a jikin gwangwanin, wato corned beef, ya samo asali ne daga manyan ƙwayoyin gishirin da ake adana naman da su. Na san a farashin yau ba kowane manomin Kura ko Bunkure ne zai sayi gwangwanin nama ba, balle har ya rage wa kare. To amma abubuwa ukun da suka sa girkin ya zama haɗari, wato albasa da gishiri da maiƙo, su ne dai ke cikin dafa-dukar da ake kai wa leburori gona, da taliyar mai shayi, da ragowar balangu da tsiren da ake naɗowa a takarda an barbaɗe su da yankakkiyar albasa. Saboda haka ko ba ka taɓa buɗe gwangwanin nama ba, maganar ta shafe ka.

Albasa ce babbar matsalar. Ita da danginta, tafarnuwa da albasa mai lawashi, suna ɗauke da wasu sinadarai masu farar wuta, waɗanda su ne ke ba su warinsu da ƙamshinsu. Jikin ɗan Adam yana da isasshiyar kariya daga gare su, shi ya sa muke cin albasa safe da yamma lafiya lau. Jajayen ƙwayoyin jinin kare kuwa kariyarsu ba ta kai tamu ba. Idan sinadaran suka shiga jininsa, sai su lalata himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar jini, ya dunƙule ya manne a jikin bangonta. Ƙwayar da ta lalace haka ko dai ta fashe a cikin jijiya, ko saifa ta tsince ta ta kawar. Ƙarshen abin shi ne ƙarancin jini. Mu masu harhaɗa magunguna mun san kwatankwacin wannan a jikin mutum: wanda aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, idan ya sha wasu magunguna irin su primaquine, ƙwayoyin jininsa kan farfashe, idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu. To, a gaban albasa, kowane kare kusan haka yake.

Dahuwa ba ta kashe wannan guba. Soyayyiya da dafaffiya da busasshiya duk ɗaya ne, garin albasa ma ya fi ƙarfi tunda an cire masa ruwa, tafarnuwa kuma ta ninka albasa illa. Likitocin dabbobi suna ƙiyasta cewa haɗari yana farawa idan kare ya ci albasar da ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jikinsa. Bari mu mayar da shi lissafin kasuwa. Karen gida mai nauyin kilo 15, giram 75 ya ishe shi, wato abin da bai kai matsakaiciyar albasa guda ba. Ɗan kwikwiyo mai kilo 5 kuwa giram 25 kacal. Yanzu ka tuna yawan albasar da ake yankawa a tukunyar gona a lokacin da ta yi araha, sannan ka tuna cewa ita ce ke kwanciya a gindin tukunya tare da mai, daidai wurin da ake kankarewa a ba kare.

Wannan ne ya sa nake ganin maganar ta fi nauyi a yankinmu fiye da ƙasashen da girkin ya fito. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwanta ke bin magudanai yana shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya mayar da albasa da tumatir abin da ake tuntuɓe da shi. Duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar albasa ta Gundutse a lokacin kaka ya san yadda ake ware wadda ta fara ruɓa a zubar gefe. Gaskiya ne kare bai cika son ɗanyar albasa ba, amma kwikwiyo mai wasa da komai, da karen da aka bari da yunwa kwana biyu, ba su da wannan zaɓen. Kuma da zarar albasar ta sha romon nama, babu karen da zai ƙi ta. (Masu shanu ma su kula: saniyar da aka cika wa ciki da zubabbiyar albasa tana iya kamuwa da irin wannan ciwo, ko da yake tumaki da awaki sun fi juriya. Kyanwa kuwa ta fi kare rauni a nan.)

Abin da ke yaudarar mutane shi ne jinkirin alamomin. Kare zai ci yau, ya kaɗa wutsiya, ya yi haushinsa da dare kamar kullum. Wataƙila ya yi amai ko gudawa, wataƙila kuma bai yi ba. Sai bayan kwana biyu zuwa biyar za ka ga ya kwanta ba ya son tashi, ya ƙi abinci, yana haki ko bai yi gudu ba. Ɗaga leɓensa ka duba dasashinsa: maimakon ja-ja, za ka gan shi fari fat ko ya yi rawaya. Fitsarinsa kuma ya koma kalar baƙin shayi. A lokacin kowa ya manta da kwanon da aka ba shi ranar Juma'a, sai a ce maƙwabci ne ya sa masa guba, ko ɓarayi ne ke share hanya kafin su zo ɗaukar inji. Zargin da kan ɓata zumunci ke nan, alhali mai laifin yana cikin tukunyar gida.

Gishiri shi ne na biyu. Gwangwanin naman da aka fi sani, mai giram 340, gishirin da ke cikinsa ya zarce ƙaramin cokali guda, wato ya haura giram 5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce a yini, ga kuma ɗanɗanon dunƙulen da mai girki za ta ƙara. Babban karen da ke da ruwa a gabansa zai sha ya fitar da yawancinsa. Wanda ke cikin haɗari shi ne ƙaramin kare, ko tsoho mai ciwon ƙoda ko zuciya, ko wanda aka ɗaure a gona cikin zafin Maris da Afrilu ba a ajiye masa ruwa ba. Ƙishirwar ma kanta tana da nata sharrin a wurin noman rani, domin karen da gishiri ya ƙona zai kafa baki a duk kududdufin da ya samu, har da wanda aka wanke tankin feshi a ciki. Maiƙo kuma, idan ya yi yawa a lokaci guda, yana iya kumbura gaɓar nan da ke kusa da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci da insulin, wadda likitoci ke kira fankiriyas, kuma ciwo ne mai tsananin zafi da amai. Dankalin, idan dafaffe ne ba gishiri, shi kaɗai ne marar laifi a cikin kwanon.

Na san abin da za ka ce. Tun kaka da kakanni ragowar tuwo da miya ake ba karnuka, kuma sun yi farauta sun yi gadi. Akwai gaskiya a ciki. Amma tuwon dawa da miyar kuka ta kakanninmu albasarta ba ta taka kara ta karya ba, babu dunƙule, babu nama mai gishirin masana'anta. Girkinmu ne ya sauya, cikin kare yana nan yadda yake. Sannan waɗanda suka mutu a wancan zamani wa ya binciki jininsu? Kare ya mutu, an ja shi an jefar a juji, magana ta ƙare. Shari'a ta yarda a ajiye kare don noma da kiwo da farauta, kuma wanda ya ajiye dabba don amfaninsa haƙƙin cinta da shanta yana wuyansa. Ban ga yadda za a ce an sauke wannan haƙƙi da abincin da aka san yana cutarwa ba.

Idan abin ya riga ya faru, ga inda sana'ata ta shigo. Kada ka ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, domin gishiri ne kake ƙara wa wanda gishiri ya riga ya yi masa yawa. Manja da madarar da aka saba ɗura wa wanda ya sha guba ba su hana albasa aikinta, sai ma su ƙara maiƙo, ko ya shaƙe su su wuce huhu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne masu zuwa kanti su sayi farasitamol don kare ya yi laushi. Farasitamol yana iya lalata himogulobin ɗin kare ta hanya mai kama da ta albasa, ya kuma taɓa hanta, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Ibuprofen da diclofenac kuwa suna huda masa tumbi su lalata ƙoda. Babu wani makari na gubar albasa a kowane kanti. Abin da likitan dabbobi zai yi shi ne ya sa kare ya amayar idan an kai shi cikin sa'o'i biyu na farko, ya ba shi gawayin asibiti mai tsotse guba, ya sa masa ruwa, idan jini ya yi ƙasa sosai a yi ƙarin jini a inda ake da hali, kamar Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Akwai kuma dalili na biyu na zuwa wurin likitan: ciwon da kaska ke sa wa karnuka yana kawo farin dasashi da duhun fitsari iri ɗaya, shi kuma yana da allurarsa, gwajin jini ne kaɗai zai bambance su. Idan za ka tafi, ka faɗi abin da ya ci, da yawansa, da ranar da ya ci.

Ciyar da shi daidai ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. A ce wa uwargida ta ɗebe masa nasa tuwon ko shinkafar kafin a zuba miya. A haɗa da ɗan kayan ciki ko guntun nama da aka tafasa a ruwa zalla, ko dafaffen ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, da ɗan dafaffen kabewa ko dankali idan akwai. A guji dafaffen ƙashin kaza, domin yana tsagewa ya soki hanji. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi wari, wanda ka ji tsoron ba 'ya'yanka, a binne shi inda kare ba zai tono ba. A ajiye masa kasko na ruwa mai tsabta a inuwa, a riƙa sauyawa safe da yamma, musamman ranar da aka yi feshi a gona.